Huji Uku a Ƙarfen Feda

Babana bai taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗan fari, shi kuma ya riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. In yana son ruwa sai ya dubi bango ya ce, "A ce ma yaron ga ya kawo ruwa," alhali daga ni sai shi a zauren. Ni ne zan zama bangon, ni ne zan isar da saƙon, ni ne kuma zan ɗauko moɗa.

Tun da aka yaye ni aka kai ni Lambara wurin kakata, wadda ta haife shi. A can ni ne maigida. Tana kirana mijinta, tana ɓoye mini ƙanzo, tana zagin duk wanda ya harare ni. Da na isa shiga makaranta aka dawo da ni ƙauyenmu da ke bayan Bodinga, amma tsohuwa ta kafa sharaɗi. "In bokon ya yi mai nisa, a maido min mijina bayan girbi." Ina son ta, Allah ya sani. Amma na fi son in zauna kusa da mutumin nan mai magana da bango, ko wata rana zai juyo.

Zamanin farar hula ne, shekarar da rediyo ya fara wa'azin tsuke bakin aljihu. Mutanen nesa suna zaton mu maƙwabtan Shagari da madara muke wanka. Mu dai ko sabulu sai an yi layi. Babur ɗin babana ya mutu saboda wani ɗan ƙarfe da aka nema har Sakkwato aka rasa, kaji suka gaje shi. Shi kuwa malamin firamare ne a Bodinga, can kuma za a sa ni, ga hanya yashi zalla. Goyo a bayan keke bai taso ba. Yashin yana cinye ƙarfin mutum ɗaya, sannan wa zai ga Malam ya ratsa kasuwa ɗan farinsa na rungume da ƙugunsa?

Babana mutum ne mai dabara, abin da ya fi wahalar da mu ke nan. Ya taɓa ganin hoton keke mai sirdi biyu a wani littafin Turanci, sai ya kwashi tsohon kekensa da gawar wani keken da ya samo ya kai wa wani mai walda a Bodinga. Mai waldan taubashinsa ne, don haka shi kaɗai ne a duniya yake da lasisin yi wa Malam iskanci. Ya yanka, ya haɗa, ya ja kaca daga fedar gaba zuwa ta baya. Da ya zo kan mazaunina ya ce a kawo yaro a auna ƙafa.

Nan gizo ke saƙa. Malam ba zai taɓa ƙafar ɗan fari ba, ba kuma zai ja ni gaban taubashi a yi masa dariya ba. Sai ya faki idon innata ya je igiyar shanya, ya ɗora karan dawa a jikin wandona na Sallah, ya karya daidai tsawonsa, ya kai wa mai walda. Abin da bai sani ba, a shekarun nan babu uwar da ke ɗinka wa yaro wando daidai shi. Innata ta sa tela ya yi shi da ƙafar da zan yi nan da Sallah biyu, kullum sai an naɗe mini shi. Da Malam yana kallona da ya sani.

Ranar da aka kawo keken, ƙauye ya fito kallo. Wani tsoho ya zagaya shi ya ce, "Malam, wanga keke na ko tsani?" Aka ɗora ni. An sauke sirdi har ƙarshe, amma ƙafafuna suna lilo a iska, feda ta zo ta gaishe ni ta wuce.

"Ka ce mai ya taka," in ji babana, yana kallon bishiyar dogonyaro.

"Da mi zai taka, Malam? Da wando?" in ji tsohon.

Dabara ta biyu ita ce katako. Aka sassaƙo guntaye biyu aka ɗaure a kan feda da robar tayar keke. In feda ta yi ƙasa ƙafata tana kaiwa, amma in ta yi sama sai gwiwata ta zo neman haɓata, tunda katakon ma hawa yake da ni. Haka muka yi ta zuwa makaranta, ina naushin kaina da gwiwa, ban ce uffan ba don kada a ce boko ya yi mini nisa. Wata safiya, daidai rijiyar da mata ke ɗibar ruwa, robar ta tsinke. Katako ya shige cikin kaca, keke ya tsaya cak, mu kuwa ba mu tsaya ba. Na faɗa a yashi. Malam ya faɗa a taɓon bakin rijiya da farar rigarsa, hularsa ta ci gaba da tafiya Bodinga ita kaɗai. Matan suka rufe baki da gyale, kafaɗunsu na rawa.

Labari ya riga mu zuwa Lambara. Kafin mako ya zagayo kaka ta turo ɗan aike ya faɗa wa babana cewa ba ta ba da mijinta don a karya shi ba, gero ya kusa nuna, ta share ɗaki. Malam ya saurara ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ya hana ni cin tuwo. Na shiga bayan rumbu na yi kuka mai isata, don na tabbata ya samu hanyar rabuwa da kayan kunya.

Ranar kasuwar Bodinga ya dubi bango ya ce yaron ga ya sa takalmi. Muka tura keke a ƙasa har rumfar mai walda, ɗan aiken kaka na biye da mu don ya samu mota. Taubashi ya dube ni sama da ƙasa, ya ɗauko karan nan da aka kawo masa, ya jingina a ƙafata. Ya wuce mini cibiya. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

"Malam, ɗan wa kaz zo ka aune min? Na liman?"

Babana yana nazarin rufin kwano.

Mai walda ya share hawaye ya yi bayani. Ƙarfen da ke riƙe da feda shi ne ya yi mini tsawo, shi ya sa take nitsewa ƙasa sosai ta kuma hau sama sosai. Maganin shi ne a huda sabon rami a tsakiyar ƙarfen, a mai da feda can, a ɗaure da noti ta baya, zagayen ya ƙanƙance daidai ƙafata. Ya auna ni da hannunsa, daga ƙugu zuwa diddige, ya ɗiga alli a ƙarfen kowane gefe. Ya gasa wurin har ya yi ja, ya ɗora wani ƙarfe mai tsini, ya ɗaga guduma.

"Huda ukku," in ji babana.

"Ukku na mi? Ɗaya ya isa. Ba an ce bayan girbi za a mai da shi ga tsohuwa ba?"

"Ɗaya nan. Ɗaya ƙasa kaɗan. Ɗaya ƙasa da shi."

"Ƙarhen zai yi rauni hwa."

"Ka ƙara mai wani ta baya. Ƙahwa tsawo takai."

Mai walda ya sauke guduma. Ya dubi Malam, ya dube ni, ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya fasa. Ni ban gane ba sai da ya ƙara ɗigo biyu, na ga ɗigon alli uku a jere. Na farko na bana ne, na biyu na baɗi, na uku na shekarar da zan cika wandon Sallah. Na yi kamar hayaƙi ne ya shiga idona.

Da aka gama na hau, ƙafata ta zauna a feda daram, gwiwa ta bar haɓa lafiya. Ɗan aiken kaka ya matso ya ce mota za ta tashi, me zai faɗa wa tsohuwa?

Babana ya ɗora ƙafa a fedarsa, idonsa na kan hanya.

"Ka gaishe ta. Ka ce mata an huda ukku."

Sannan ya ɗan karkato kai, kaɗan dai, iyakar abin da kunya ta bari. Babu bango a wurin, babu dogonyaro.

"Kai," ya ce, "taka mu tahi."