Yadda Rinus Ya Rasa Wurin Zama a Almere

Shekara ashirin da shida muka yi muna tuƙa bas a gareji ɗaya da Rinus Bolderman. Sunana Sjaak. Lokacin da na zo Almere daga Zaandam shi aka haɗa ni da shi ya koya mini hanyoyi, sati uku ina zaune a bayansa da ɗan littafi a hannu. Ƙaton mutum ne mai gashin baki, ba ya sauri a magana, ba ya sauri a tuƙi. In ya hango wani a madubi yana gudu zai kama mota, sai ya jira shi. An sha kiransa ofis a kan haka, ya ce to, gobe ya sake.

Yana ɗan shekara tara iyayensa suka kwaso su daga wani matsattsen gida a Amsterdam suka sauka a unguwar Haven, a 1977. Garin a lokacin bai wuce 'yan layuka ba, sauran duk yashi ne da iska. Yakan ce a hanyar makaranta suna tsintar katantanwar teku a ƙasa, don wurin a da ƙasan teku ne aka janye ruwan. A gabansa aka gina unguwar Stad, aka gina ta Buiten, aka shimfiɗa layin dogo, mutane suka yi ta kwararowa, su kwana a nan da safe su cika jirgi zuwa aiki Amsterdam.

Aurensa da Trudie ya mutu yana da shekara hamsin da huɗu. Ba faɗa aka yi ba. Ta ce ta gaji da zama da mutumin da sai ya yini bai ce mata kalma goma ba, shi kuma bai musa ba. Gidan da suke ciki a Buiten na ƙungiyar gidaje ne, irin mai sauƙin haya, kuma 'yarsu Marloes, mai aikin jinya, tana nan tare da su. Sai ya bar musu.

"Ni kaɗai ne, jaka biyu sun ishe ni," in ji shi a ɗakin hutunmu, yana kwance takardar burodinsa da cuku. "Wata biyu na samu wuri. Garin da kullum ake gini?"

"Ka auri mai gida kawai, Rinus," wani daga cikinmu ya ce. "Da wannan gashin bakin ai ba za ka yi kwantai ba."

Muka yi dariya, shi ma ya yi.

Abin da bai sani ba shi ne, tun ranar da aka ba su gidan Buiten shekarun da ya tara a layin jiran gidan ƙungiya suka goge. Ya sake rajista a matsayin sabo. Matar da ke kan tebur ta duba kwamfuta ta ce masa ya sa rai da shekara goma, ko fiye. Sai ya koma wajen dillalai. Can kuma ƙa'idar ita ce albashinka ya ninka kuɗin haya sau uku da rabi, wasu ma huɗu, a garin da ɗaki biyu ke kai Yuro dubu ɗaya da ɗari huɗu a wata. Direban bas shi kaɗai ba ya kaiwa nan. Masu kaiwa su ne matasa biyu-biyu masu aikin ofis a Amsterdam.

Duk da haka ya yi ta zuwa. Ya saka ƙararrawa a wayarsa, duk gidan da aka sa talla ta yi ƙara. Amma a kan sitiyari ba a taɓa waya, kafin ya kai tashar ƙarshe an rufe karɓar suna. Inda ya samu shiga, minti goma ake ba mutum talatin su duba gidan. A ba ka ledar shuɗi ka sa a kan takalmi, ka bi layi ka leƙa bayi, ka leƙa kicin, ka fita. Wasu masu gidan har wasiƙa suke so, da hoto, ka faɗi ko kai wane ne da dalilin da ya sa ka cancanta. Na ga tasa. Layi huɗu ce. Ya rubuta cewa ba ya shan taba, ba shi da kare, bai taɓa makara wurin aiki ba, kuma ya iya gyaran famfo.

Wurin farko da ya samu wani tsohon ofishin inshora ne da ya zama kango kusa da tasha. Ana zuba mutane a irin waɗannan gine-gine don kada a fasa a shiga, da sharaɗin in an ce ka tashi, sati huɗu gare ka. Ya shimfiɗa katifa a ɗakin taro, su takwas suna raba wurin wanka ɗaya. Wata tara ya yi a nan. Sannan takarda ta zo, za a rushe a gina benen haya.

Daga nan ya koma wani sansanin 'yan hutu a hanyar Zeewolde, cikin ɗan ɗakin kwano mai taya, irin wanda iyali ke kamawa na sati biyu da bazara. Mai wurin ya gaya masa ƙarara: zama dai ka zauna, amma ba za ka rubuta nan a matsayin adireshinka ba, doka ba ta yarda ba. Maƙwabtansa 'yan Poland ne masu aikin sito, da wasu maza irinsa da aure ya ƙare musu.

A nan ne nawa laifin ya shigo.

Wata ranar Laraba da azahar muka haɗu a ɗakin hutu mu biyu. Ya tsiyaya mini kofi, abin da bai saba ba.

"Sjaak, wata alfarma zan nema."

"Faɗi mana."

"Ba kwana zan zo yi ba. Suna kawai. Ka bari in yi rajista da adireshinka. Trudie ta ce in cire sunana daga can, ana damunta da tambaya. In ba ni da adireshi, hatta dillalan ba sa duba takarduna."

Na ce bari in yi shawara da matata. Gidanmu mu ma na ƙungiya ne, kuma mun ji labarin wata mata a layinmu da aka zarga da saka ɗan haya a ɓoye, ta sha wahala kafin ta wanke kanta. Daga baya na gano akwai hanyar da ake ba mutum adireshin wasiƙa kawai ba tare da wata matsala ba. A lokacin ban bincika ba. Tsoro na ji, kuma na laɓe a bayan matata.

"Ka san halin Ria," na ce masa kashegari. "Ta ƙi."

"Ba komai, mutumina. Ni ma da haka zan yi."

Ba haka zai yi ba, mu duka mun sani. Bai sake tayar da maganar ba, bai kuma canza mini fuska ba.

Cikin watan Nuwamba na shekara ta biyu aka kira shi kallon wani gida a unguwar Poort, hawa na shida, ɗaki biyu, ana hango ruwa ta taga. Wannan karon kuɗin ya ɗan sassauta, kuma dillalin ya ce mai gidan ya fi son dattijo mai tsayayyen aiki. Rinus ya aske, ya sa rigar da ya je bikin ƙanwarsa da ita. Ni na kai shi a motata ranar Asabar da safe, don tasa ta ƙi tashi saboda sanyi. Na bi shi har sama.

Layi ya kai matakala. Muna tsaye sai wadda ke gabanmu da mutum uku ta juyo. Marloes ce, riƙe da fayil ɗin takardu, saurayinta Thijs a gefenta.

"Baba? Me kake yi a nan?"

"Abin da kike yi."

Ta dubi rigarsa, ta dubi fayil ɗin da ke hammatarsa, iri ɗaya da nata. Ashe duk wannan lokacin ce mata yake yi yana zaune a gidan wani aboki, wuri mai kyau, sai dai ba a son baƙi.

"Ba ka ce ka samu wuri ba?"

"Na samu. Wannan dai ya fi kusa da aiki."

Thijs ya miƙa masa hannu yana kallon ƙasa. Rigar sanyin Marloes a buɗe take, kuma ko ni na lura da cikin. Rinus ma ya lura. Ba a gaya masa ba tukuna.

"Wata nawa?"

"Biyar. Da na so in zo in faɗa maka da kaina, Baba, amma kullum sai ka ce mu haɗu a shagon kofi."

Dillalin, wani matashi mai ƙyallin takalmi, ya leƙo da takardarsa. "Malam Bolderman? Ga kuma wata Bolderman. Tare kuke?"

"A'a," in ji Rinus. "Ni rakiya na yi. Ka goge nawa."

"Baba, kar ka yi haka."

"Shiga ki duba, yarinya. Ki buɗe ƙasan wurin wanke-wanke ki ga ko yana yoyo. Ki taɓa bangon da ke bayan ƙofa."

Ya cire ledar takalmin da ya riga ya sa, ya miƙa wa na bayansa, muka sauko. Muka shiga mota muka kama hanya har muka wuce tasha. Sannan ya ce, "Zan yi jika, Sjaak." Na ce na taya shi murna. Gidan kuwa ba Marloes aka ba wa ba. Wasu ma'aurata ne daga Utrecht suka ƙara kuɗi a kan abin da aka nema, aka ba su.

Sanyin shekarar ya yi tsanani. Ɗakin kwanon ba a yi shi don irin wannan lokacin ba. Bututun ruwa ya daskare, bangon ya yi baƙi da funfuna, hitar gas kuma in ya kunna sai tagogi su yi ta zufa har katifa ta jiƙe. Ya fara tari. Yana zuwa aiki da wuri ya yi wanka a gareji, ya zauna kusa da hita har lokacinsa ya yi. Mun daina yi masa ba'ar auren mai gida. A Janairu ya tsayar da bas a wata tasha a Buiten, ya ja birki, ya ce wa fasinjoji su yi haƙuri su jira ta baya, ya kira ofis ya ce numfashinsa ba ya kaiwa. Ciwon huhu ne. Kwana goma sha ɗaya ya yi a asibiti, kuma a can aka gano zuciyarsa ma ba ta bugawa daidai. Likitan aiki ya ce ba zai koma kan sitiyari da fasinja ba.

Marloes ta je ta kwashe kayansa daga sansanin. Ta kira ni bayan nan. Ba ta yi kuka ba, tambaya ɗaya ta yi: "Kun san a nan yake?" Na ce mun sani. Sai ta ajiye wayar.

Trudie ta karɓe shi ya yi jinya a kan doguwar kujerar falo, sati shida. Su huɗu ke nan a gidan, da Thijs, ga haihuwa ta matso. Ba wanda ya ce ya tafi. Shi ne ya ga ana auna inda za a sa gadon jariri, ana magana ƙasa-ƙasa in ya shigo. Wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta nema masa a sa shi cikin masu buƙatar gaggawa, aka amsa da cewa tunda yana da rufi a kansa a yanzu, bai cika sharaɗi ba.

Wani ɗan'uwan mahaifiyarsa ne ya ji labarin ɗaki a wani ƙaramin gari can gabashin Groningen, dab da iyakar Jamus, a saman shagon mahauci da aka rufe. A can gidaje suna jiran mutane. Rinus bai taɓa taka garin ba. Ya karɓa ta waya. Ya tafi a watan Maris, kwana tara kafin a haifi jikarsa.

A gareji an yi masa ɗan taro, da kek da furanni. Shugabanmu ya ce ba a taɓa samun direban da ya san garin nan kamarsa ba. Rinus ya ce ya gode, ya ci kek ɗinsa a tsaye.

Sau ɗaya na je wurinsa, bara da kaka. Tafiyar sama da awa biyu ce a mota. Ɗakin a bushe yake, da ɗumi, ya fente shi da kansa. Ya rame, gashin bakin ya yi fari. Ya soya mana dankali da tsiran alade, muka ci a ɗan teburin da ke jikin taga. Titin ƙasa babu kowa, sai wata tsohuwa da ke tura keken sayayya. Ya nuna mini hoton jikar, sunanta Noor, ta fara tafiya. Sau uku ya gan ta. Marloes da Thijs har yanzu suna gidan Trudie, suna neman wuri.

"Da wa kake hira a nan?" na tambaye shi.

"Akwai mai kantin magani. Mutumin kirki ne. Sai dai yarensu in suka yi sauri ba na kamawa."

Na so in yi maganar adireshin nan. Na fara, na ce, "Rinus, ka tuna lokacin da..." Sai ya miƙe ya ce kofi ya ƙare, bari ya sauka ya sayo kafin a rufe kanti, don ƙarfe shida suke rufewa. Na ce mu je tare. Ya ce in zauna, matakalar ba ta da kyau, shi ya saba da ita. Ta taga na ga ya fito titi, ya tsaya ya dafa bango yana mayar da numfashi, sannan ya ci gaba a hankali.