Takalmin hagu na Inayat mai aski

Duk wanda ya taɓa aski a shagon Inayat, a bayan tsohuwar ganuwar Lahore, ya san ba a zuwa masa ranar da Pakistan ke wasan kurket da Indiya. In ka kuskura ka je, zai shafa maka kumfa, ya aske ɓari ɗaya, rediyo na yin ihu shi ke nan ya manta da kai. Shagona na ɗinki yana manne da nasa, katako ɗaya ya raba mu, don haka na sha ganin masu rabin gemu suna fitowa suna zage-zage.

Ba a Lahore aka haife shi ba. Ƙauyensu yana kusa da Ropar, wanda ya faɗa ɓangaren Indiya lokacin da aka raba ƙasa a 1947. Shekararsa shida a lokacin. Yayarsa Jannat, mai shekara tara, zazzaɓi ya kwantar da ita har ba ta iya ɗaga kai, sai uban ya miƙa ta ga maƙwabtansu mabiya addinin Sik, ya ce da ƙura ta lafa zai dawo ya ɗauke ta. Ƙura ba ta lafa ba. Fuskarta ma ta ɓace wa Inayat. Abin da ya riƙe kawai shi ne, shi yaro ne mai yar da takalmi, kullum sai ya dawo daga rafi da ƙafa ɗaya tsirara, ita kuwa ta goya shi saboda ƙaya tana masa faɗa har gida.

A 1955 Indiya ta zo wasa Lahore, aka buɗe iyaka, dubban mutane suka tsallako kallo. Uban Inayat bai san kan kurket ba ko kaɗan. Ya ja yaron suka tsaya a ƙofar filin, duk mai rawani irin na 'yan Sik da ya zo wucewa sai ya tare shi: "Ɗan'uwa, daga wane gari?" Ba su sami labarinta ba. Amma Inayat ya leƙa ta kafar shinge ya ga mai jifa ya sheƙo a guje, mai sanda ya maka wa ƙwallon, fili ya ɗauka. Tun daga nan abu biyu suka cuɗe masa a zuciya: in ana kurket iyaka na buɗewa, in an daina an rufe. Aka kuwa daina. Aka yi yaƙi, aka sake yi, shekara goma sha bakwai ƙasashen biyu ba su jefa wa juna ƙwallo ba. Uban ya rasu a wannan tsakani, yana ambaton Jannat.

Maganar takalmi a 1986 ta samo asali, ranar wasan ƙarshe da Indiya a Sharjah. An aro talabijin an kafa a shagon, mutane sun cika har kan juna. Sabon takalmin Inayat na hagu yana matse masa yatsa, ya cire, ya rasa inda zai aje, sai ya tura shi ƙarƙashinsa ya zauna a kai. Jifa ɗaya ya rage, muna neman maki huɗu, mutuminmu ya ɗaga ƙwallon har wajen fili. Ana cikin rungume-rungume Manzoor mahauci ya hango takalmin a kan benci, ya baje kamar gurasa.

"Jama'a, ku zo ku ga wanda ya ci mana wasa!"

Da wasa aka fara. Kowa a unguwarmu yana da irin nasa camfin: wani ba ya canza riga, wani ba ya fita bayan gida in namu na riƙe da sanda. Amma na Inayat ya fi na kowa suna. In aka ci, takalmi ne. In aka sha kashi, to ya motsa ne, ko ya yi tari. Tun yana dariya har ya koma ya fi kowa yarda.

Wata damina, wani tsohon ɗan Sik cikin masu zuwa ziyarar wuraren ibadarsu ya faɗo shagon yana gudun ruwa.

"Sardar, ka ɓata hanya," in ji Inayat yana wasa aska, ya san sarai addininsu ya hana aski. "Ko yau za a sauke gemun ne?"

"Taɓa shi ka ga yaƙi na huɗu," in ji tsohon.

Aka kawo shayi. Hira ta kai ga daga wane gari, tsohon ya ce daga wajen Ropar. Da Inayat ya faɗi sunan ƙauyensu, sai baƙon ya aje kofin. Ya san wata Janto a can, 'yar Musulmi da aka bari shekarar rabuwa, ta yi aure, mijin ya rasu, tana wurin ɗanta Harbans. Ina jin su ta bayan katako. Sai na ji aska ta faɗi ƙasa.

Sanin tana raye bai ba shi hanya ba. A ofishin biza aka ce ya kawo shaidar cewa 'yar'uwarsa ce. Wace shaida? Sunanta ya canza, addininta ya canza, wanda ya miƙa ta yana kabari. Ya yi ta safa da marwa har aka gane shi a layi. Sai a 2005 Pakistan za ta je wasa Indiya, wasan farko a Mohali, aka ce duk mai tikitin shiga fili za a ba shi biza ta 'yan kwanaki, ba tambayar dangi. Daga Mohali zuwa ƙauyen kuwa tafiyar awa guda ce ko ƙasa da haka.

Matarsa Sughra ta haɗa masa kaya: mayafi, alewa, wandon da na ɗinka wa Harbans da ƙiyasi. Ta ga tsohon takalmin a cikin jaka, ta cire.

"Wurin yayarka za ka, ba wurin ƙwallo ba."

Manzoor, wanda shi ma ya sami tikiti, ya maida shi ciki. "Haba matar yaya, za mu shiga gidan mutane ba makami?"

Bizar ta garin wasa ce kawai, ba a fita ƙauye da ita. Mutanen gidan da suka sauke su, waɗanda suka ƙi karɓar ko sisi, su suka aika aka nemo Harbans. Ya zo a rana ta huɗu ta wasan na kwana biyar, ƙaton manomi mai ƙarancin magana. Ya daɗe yana kallon Inayat.

"Hancin dai nata ne," ya ce. "To, Kawu, gobe zan kawo ta. Ciwon suga gare ta, ba ta jure rana. Ai naku sun kusa ƙarewa, kafin hantsi ya dubi ludayi an tashi. Ka same mu a ƙofar yamma."

Gaskiyarsa. Cikin 'yan wasanmu goma da Indiya za ta fitar kafin ta ci, shida sun riga sun fita. Kowa ya san da safe za a ƙarasa mu. Inayat ya shiga filin ne don kawai ya kashe lokaci, don ƙafarsa ta ƙi zama wuri ɗaya.

"Baba, ka ɗaure kayanka," in ji wasu samarin Indiya da ke bayansu. "Yanzu za mu sallame ku, ku kama motar safe."

"Zauna masa," in ji Manzoor a hankali. "Ko don yaran nan marasa kunya."

Inayat ya ciro takalmin ya zauna a kai. Mutanenmu biyun da ke riƙe da sanda kuwa suka ƙi fita. Aka jefa musu ta sama, aka jefa ta ƙasa, aka canza masu jifa, suna nan. Samarin baya suka daina tsokana. Mu ma a Lahore mun daskare gaban talabijin, ba mai ko sosa kai. Rana ta take, aka tafi hutun cin abinci, Inayat ya yunƙura zai tashi. Manzoor ya damƙe masa riga.

"Ina zuwa?"

"Yayata tana ƙofa."

"Ta jira shekara hamsin da wani abu, awa ɗaya ce za ta gagare ta? Ƙasa guda tana kan takalmin nan, Inayat! In ka ɗaga aka fitar da yaron nan, da wane ido za ka shiga unguwa?"

Ya sha gaya mini daga baya, yana buga ƙirjinsa: "Rehmat, hannun Manzoor bai da ƙarfin da zai zaunar da ni. Ni na zauna. Na ce jifa shida kawai zan ƙara gani. Da suka wuce na ce shida kuma."

Sai da la'asar ta kawo jiki, da ta tabbata ba mai iya cin wasan, sannan ya fito a guje da takalmi a hannu. Babu kowa a ƙofar yamma sai mai sayar da ruwan rake. Shi ya ba shi labari. Wata tsohuwa ta zauna a gindin bango tun safe, duk wanda ya fito da koriyar tutar Pakistan sai ta kama masa hannu ta ce, kai ne Inayat? Ɗanta ya yi ta lallashi su koma inuwa, ta ce in ta matsa zai fito ya rasa ta. Bayan azahar ta sulale ƙasa, aka yayyafa mata ruwa, ɗan ya sungume ta ya sa a mota.

"Ya bar saƙo," in ji mai raken. "Ya ce a gaya wa mai ƙwallo ya gai da ƙwallonsa."

Inayat ya je wurin 'yan sanda ya roƙi a bar shi ya je ƙauyen ko da rakiya. Suka ba shi kujera, suka ba shi shayi, suka ce ba su da iko. Washegari motoci suka kwashe su zuwa iyaka.

Unguwa ta tarye su da ganga. An tashi canjaras a wasan da kowa ya yanke mana ƙauna, har furanni aka rataya wa takalmin. Inayat ya ratsa ta cikin mutane ya shiga shago ya ja ƙofa.

Harbans ya yi wata da watanni ba ya ɗaga waya. Tsohuwar ce ta matsa masa. Ranar da aka haɗa su ina tsaye a gefensa, ni na riƙe masa wayar.

"Inayat ne?"

"Ni ne, Yaya."

"To, wa ya ci?"

"Ba wanda ya ci, Yaya. Canjaras aka yi."

"Kwana biyar ba wanda ya ci? A kan wannan ka shanya ni a rana? Kai har yanzu ba ka yi hankali ba." Sai ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka.

Ya ce mata wasa na gaba yana nan tafe. Abin da ya biyo baya ni har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Da Pakistan ta sake zuwa wasa Indiya, takardunsa suka dawo ba bayani. Sai aka kai hari Mumbai, aka soke komai. A 2011 aka haɗu a Mohali ɗin dai, a gasar duniya, amma tikiti ya ƙare a hannun masu manyan motoci, ya kalla a talabijin yana nuna mini ƙofar yamma da yatsa. Bayan nan aka yi wasu wasannin a garuruwa masu nisa da ƙafarta ba za ta kai ba. Daga nan kuma ɗif. In ƙasashen biyu za su haɗu sai a ƙasar wasu, a wata gasa, manya su zauna a inuwa suna tafi.

Bai sake zama a kan takalmin ba. Duk sanda Indiya ta lallasa mu sai Manzoor ya leƙo.

"Ka ga abin da ka ja mana ko?"

"Su yi ta ci har gobe. Ni dai a yi wasan a nan ko a can. Dubai! Yayata a Dubai take?"

Da wayoyi masu nuna fuska suka zo, ya gan ta: 'yar ƙaramar tsohuwa mai hancinsa. Amma ita suga ya riga ya cinye mata ido.

"Kai ka ga rabonka," ta ce. "Ni fa? Murya kowa yana da ita. Ka zo in taɓa ka."

Sai ga labari za a buɗe hanya ta Kartarpur, wani wurin ibada a ɓangarenmu dab da iyaka, inda 'yan Sik na can za su riƙa tsallakowa ziyara su koma a ranar, ba biza, ba ƙwallo. Ya zo ya tsaya a bakin shagona yana girgiza kai. "Ka ji fa. Ashe ƙofar na buɗuwa ba sai an jefa komai ba." Ya sa na ɗinka masa sabuwar riga fara. Kullum sai ya tambayi masu zuwa aski ko an gama gadar da za a bi a tsallako. Damina ta 2019, da hantsi, na ji shiru ya yi yawa ta bayan katako. Na same shi a kujerar askinsa, kai a jingine, tawul a kafaɗa, rai ya yi halinsa. Watanni kaɗan suka rage a buɗe hanyar.

Da sanyi ya shigo Harbans ya kira, ya ce ta kafe sai ta zo, ko da wanda ya san shi ne ta gani. Sughra ba ta iya doguwar tafiya, sai ta miƙo mini ƙunshi ta ce in kai. A hanya na buɗe. Takalmin ne.

Ba a shiga wurin ibadar da takalmi, ko a hannu, don haka a waje muka haɗu, wurin da ake ajiyar takalman masu ziyara. Harbans ya turo ta a keken marasa lafiya. Ya gaishe ni, idonsa ya yi ja, ya ce, "Kawu bai jira ba." Na durƙusa ta shafa fuskata, ta ce ba hancin gidansu ba ne, amma na gode. Na ɗora mata ƙunshin a cinya.

Ta lalube shi, ta gane ko mene ne. Ta ɗaga ta maka shi a hannun keken, sau ɗaya, da iya ƙarfinta, har mutane suka waigo. Sannan ta jawo shi ta kwantar, ta buɗe tafinta ta auna daga dunduniya zuwa yatsa. Tafi ɗaya bai kai ba, ta ƙara da yatsu huɗu.

"Ƙafar ta girma," ta ce. "Ina ɗayan?"

Na ce mata ya daɗe da ɓata.

"Na sani," ta ce, ta tura shi cikin mayafinta. "Kullum da ɗaya yake dawowa."