Malam Haruna Mai Zare da gaisuwar da na riƙe

Ina kwance ƙarƙashin wata mota a garejina da ke Makarfi, da hantsi, waya ta yi ƙara. Ƙanina ne daga Ikara. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya ce, "Yaya, Malam Haruna ya rasu." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na fito ina ta zagaye gareji da sifana a hannu, na rasa inda zan ajiye ta. Wata huɗu ke nan ban taka wurinsa ba, ban kira shi ba, kuma da gangan na yi.

Shi ya koya mini gyaran ƙafar mota, shekara tara ina hannunsa. Ana ce masa Mai Zare saboda bai yarda da awon ido ba. Zare yake ɗaura wa noti, ya rataya a jikin mota ya sauko ta gefen taya, ya auna tazarar sama da ta ƙasa. Idan sun bambanta, tayar ta kwanta ke nan, za ta riƙa cin gefe guda har wayar da ke cikinta ta leƙo.

Da samari suka shigo da yayin sauke mota, aikin ya ƙaru. A sayo gajerun shok da sifirin daga Kano a ɗaura, mota ta durƙusa kamar za ta lashi kwalta, saman tayoyin ya faɗa ciki. Malam ba ya son abin, amma bai taɓa korar kowa ba. Sai ya girgiza kai ya ce, "Kai da hanyar Kurmin Kogi ku kuka san yadda za ku ƙare." Daga nan ya sa a sauke motar daga jak, direba ya shiga ya zauna, sannan ya auna. Kullum yakan ce mana, "Kafin ka taɓa sifana, tambayi mai mota abin da yake ɗauka."

Wannan tambayar ce na tsallake. Wani direba ɗan Kudan, Isiyaku, ya kawo mini motarsa da aka sauke. Na auna ta babu kowa ciki, da manhajar awo ta wayata maimakon zare, ina ji da kaina na waye. Ashe buhunan masara yake lodawa duk ranar kasuwa. Da nauyi ya hau, tayoyin baya suka ƙara kwanciya. Sati uku tsakani, ɗaya ta fashe kusa da Gazara, mahaifiyarsa da matarsa na ciki. Allah ne ya tsare, ba ni ba.

Isiyaku ya kai motar wurin Malam, Malam ya aiko na je. Ya sa aka ɗora buhu huɗu a but ɗin motar, ya rataya zarensa, ya miƙo mini ma'auni a gaban jama'a.

"Auna, Sabi'u."

Na auna. Yatsa biyu ta kwanta.

"Ka tambaye shi abin da yake ɗauka?"

"A'a, Malam."

"To ado ka yi masa. Da uwarsa ta mutu fa, me za ka gaya wa Allah?"

Wallahi gaskiya ya faɗa, a lokacin ma na sani. Amma ni da nake da gareji nawa da iyali, a tsayar da ni haka a bainar mutane? Na hau babur na tafi ko sallama babu. Sau biyu ya aiko a gaishe ni, na ce ina amsawa, shi ke nan. Kullum sai in ce ranar Juma'a zan je in durƙusa. Juma'a ta zo in ce bari ta gaba.

Ranar rasuwar, na iske an jera sahun jana'iza a ƙofar gidan Malam. Kafin a tayar da salla, yayansa ya ɗaga murya ya ce, "Duk wanda marigayi ya saɓa wa, don Allah ya yafe masa." Jama'a suka amsa, "Mun yafe." Ni ma bakina ya faɗa tare da su. Me ya yi mini da zan yafe? Ni ne mai laifi, kuma wanda zai ce mini "na yafe" ga shi kwance a makara.

Ranar uku na tambayi Inna Ladi, matarsa, ko ya taɓa yin maganata. Ta ce, "Cewa yake za ka zo, ɗana. Bai ce komai ba bayan wannan." Tun ranar ba na iya zama wuri guda.

Ya Allah Ka jiƙan Malam Haruna, Ka yalwata masa kabari, Ka sa aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna Ladi da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, Ka tsaya musu. Ni kuma, ya Ubangiji, Ka isar masa da gaisuwar da na riƙe, Ka yafe mini. Amin.