Na'urar da ta yi barci ina durƙushe

Jama'a, yau saura ƙiris ku ji an yi jana'izata!

Ina kan mashin zuwa Taloka, ɗauke da ƙananan na'urorin da muke kafawa a gonakin albasa. Su ke auna damshin ƙasa su aika wa babbar eriya da ke kan tankin ruwa a Goronyo, ita kuma ta tura intanet. Sai 'yan sa-kai suka tare ni. Babbansu, wani dattijo, ya zazzage jakata, ya karɓe wayata.

Ya ce, "Mi ne ne wanga mai ƙaho?"

Na ce, "Baba, na auna ruwan gona ne."

Wani ya daka tsawa, "Ƙarya! Da irinsu infoma ke kiran ɓarayin daji!"

Innalillahi! Mutane suka kewaye ni. Na ji an ɗana bindiga a bayana.

Na roƙa a soka ɗaya a ƙasa a zuba ruwa, za ta nuna a wayata. Aka soka, aka juye buta guda. Shiru! Sai na tuna abar barci take don kada batir ya ƙare, jefi-jefi take farkawa ta aika.

Na ce, "Baba, barci take."

Ya ce, "Barci? Durƙusa!"

Na durƙusa ina ta kalmar shahada, gumi har cikin ido. Can sai wayar ta yi ƙara a hannun dattijon. Aka karanta mai: ƙasa ta jiƙe.

Sai ya miƙo mini wayar.

"Tashi, ɗana. Amma gobe ka tada ta kahin ka taso."