Ila Ɗan Teku da Bargonsa

Yau da safe, ko koko ban kai baki ba, aka kira ni daga Kwanar Dangora. Ila Ɗan Teku ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaran yanzu ba ku san shi ba. Ni da shi gari ɗaya aka haife mu, garin da yanzu yake kwance a ƙarƙashin ruwan madatsar Tiga. Da aka tashe mu, ni na koma kamun kifi a saman gonar babana, shi ya tafi Legas aikin jirgin ruwa. Cikin shekarun tamanin aiki ya ƙare, ya dawo da akwati ɗaya da wani wasa da ya gani wajen ma'aikatan jirgi.

Tatsuniya ce, amma irin wadda mai sauraro yake shiga ciki. Bayan la'asar sai mu kewaye teburin mai shayi, Ila ya zana tsohon garinmu da alli. Kowa ya zaɓi wanda zai zama. Wani maharbi, wani sarkin ruwa, ni kullum malami mai laya, tunda a zahiri ban yi nisa a allo ba. Shi zai faɗi abin da ka tarar, kai ka faɗi abin da za ka yi, sai a jefa ɗan ludo a ga ko ka dace.

Liman ya aiko a tambaya ko caca ce. Ila ya ce, "A gaida Malam. A ce masa mai caca yana da abin da zai rasa. Mu tuni aka cinye mu."

Wasan yana da dodo, amma ba irin na kakanninmu ba ne. Ya ce da idonsa ya gan shi a teku: kifi shimfiɗaɗɗe kamar tabarma, da fukafukai biyu, da wutsiya kamar bulala, yana shawagi a cikin ruwa yadda shaho yake yi a sama. Muka ce kai Ila, ji tsoron Allah. Sai ya ƙara masa girma a wasan, har ya isa rufe unguwa guda. Ya sa masa suna Bargon Teku.

Aikinmu a wasan shi ne mu nitse, kowa ya je gidansu ya ɗauko abin da ya bari. Sai Ila ya dube ka ya ce, "Tanko, ga ka a bakin marina. Ina za ka bi?" In ka jero hanya daidai, gidan wane, lungun wane, ka wuce. In ka yi kuskure, sai ya ɗauki faifai ya kife a wurin.

"Bargo ya sauka."

Unguwar nan ta tafi ke nan har a tashi.

Ka ga magidanta da gemu suna neman dakuwa a kan ko tsamiyar kasuwa tana dama ko hagu. Shayi ya huce, ba wanda ya kula.

Akwai Baffa Jauro, dattijon Bafulatani da rugarsu take bayan gari. Shi ba ya neman komai sai ya kai maƙabartar da mahaifiyarsa take. Ran nan ya jero hanya tsaf, saura jifa, ɗan ludo ya ba shi ɗaya. Sai Ila ya yi wani tari, gwiwarsa ta bugi tebur, abu ya juya shida. Kowa ya gani. Muka bar shi a shida. Baffa ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a a nan kan teburin, muka shafa tare.

Haka Ila yake.

Zuwa ƙarshen shekarun casa'in muka watse. Wasu suka yi Doguwa noma, saura ƙasa ta riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Daga masu zama a teburin nan, ni da shi muka rage.

Bayan ƙaramar salla na je duba shi a gidan 'yarsa. Ya rame, amma bakin yana nan. Ya ce, "Tanko, har yanzu ba ka mutu ba?" Na ce ina jira babba ya fara.

Can ya riƙe hannuna ya ce, "Rijiyar unguwarmu, gabas take da masallaci ko yamma? Kwana biyu tana ɓace mini."

Na ce gabas.

"Ka tabbata?"

Nan take ni ma ta rikice mini. Rijiyar da na sha ruwanta har na yi aure.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Je ka tuno, ka dawo ka faɗa mini."

Ban tuno ba. Tun ɗazu nake zana ta da yatsa a kan tabarma, in sa ta gabas ta zauna, in sa ta yamma ta zauna. Da, in na yi kuskure akwai mai ce mini ƙarya nake. Yanzu duk inda na ajiye ta, nan za a ce take, kuma wannan ne yake tayar mini da hankali.

In akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da aka taso daga garuruwan da ruwa ya ci, ku zauna ku tambaye su hanyar gida yau. Kada ku bari sai gobe.

Allah Ya gafarta wa Ila, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sada shi da iyayenmu da ke ƙarƙashin ruwan nan. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.