Ranar da Muka Ci Iri

Babana manomi ne a cikin birni. Muna haya a unguwar Romi, gonarsa kuwa na can bakin kogi bayan Kamazou, inda yake noma masara da kuɓewa. Ni a shagon ɗinki nake wuni. Kafin abin da zan faɗa ya faru, Baba mutum ne mai surutu da tsokana, ko kaza ce ta gitta gabansa sai ya laƙaba mata suna.

Shekarar da kogi ya yi ambaliya, masara ta riga ta yi goyo, saura ƙiris a fara karya. Da ruwan ya janye, bai bar komai ba sai laka da karare a kwance suna wari. Baba ya dawo gida, ya wanke ƙafa, ya zauna a benci. Mama ta tambaye shi yadda ya tarar da gonar. Ya ce, "Ba komai."

'Yan jaje suka yi ta zuwa, na coci da na unguwa. Kowa "Allah ya mayar da alheri," kowa "sai haƙuri, ai kai namiji ne." Har yau idan na ji wannan maganar raina ɓaci yake yi. An kawo shinkafa, an kawo sabulu, an gode, amma ba wanda ya tambaye shi ko yana barci. Ba ya yi. Ya rame, ya daina tsokanar kowa, idan an fara ruwa sai ya ƙura wa rufin kwano ido har a ɗauke.

Duk da haka kullum da safe yakan saɓa fartanya ya fita, mu kuma muna cewa ya fara warwarewa. Maƙwabcinsa na gona, wani Malam daga Makera mai noman alayyahu, shi ya biyo ni shago. Ya ce, "'Yata, babanki fa ba ya ƙarasawa gona. Gindin mangwaron bakin hanya yake zama har rana ta yi. Ni ma abin ya taɓa ni, sai da na je asibiti na yi magana da likita kafin na samu kaina. Ku kai shi."

Da muka kawo masa zancen, Baba ya dube mu ya ce, "Yanzu kuma mahaukaci kuka mai da ni?" Malam ya yi ta zuwa yana zama da shi a bencin nan, ba wa'azi, ba ban haƙuri, wani lokaci ko magana ba sa yi. Shi kaɗai Baba ke rakawa bakin ƙofa.

Wata Lahadi ni da Mama muka dawo daga coci. Tana shiga kicin ta tsaya cak. A saman murhunmu akwai zangarkun masara da Baba ke ratayewa hayaƙi na bugunsu don kada ƙwari su ci. Iri ne, na kakana, tun daga ƙauye Baba ya zo da shi, kuma kowace shekara shi yake zaɓar manyan da hannunsa. A gidanmu ko yunwa ta kai inda ta kai, ba a taɓa iri. Ranar igiya kawai muka gani tana lilo. A ƙasa ga roba cike da tsaki, ya surfa ya kai inji an ɓarza.

Mama ta ce, "Baban yara, me ka yi haka?"

Ya ce, "Pate nake so ki yi wa yara."

Ta zauna a kan turmi ta yi kuka irin wanda ban taɓa ganin ta yi ba, ko ranar da uwarta ta rasu. Ni haushi ne ya fara kama ni, sannan tsoro, don na gane ba masarar bana kaɗai ruwa ya tafi da ita ba.

Abinci dai ba a zubarwa. Da yamma Mama ta yanka yakuwa da gauta ta dama paten. Muka zauna a tsakar gida muna sha, ba mai kallon wani. Baba kuwa bai taɓa nasa ba, kallonmu kawai yake yi.

Can ya ce, "Ya yi daɗi?"

Mama ta ce, "Ya yi."

Ya gyaɗa kai, ya tura wa ƙanena kwanonsa. "To ku sha da kyau. Shi ke nan wanda ya rage."