Madugu da Alkawarin da Ba Ita Ta Yi Ba

A ofis Madugu ake ce mata, ko da yake mace ce. Sunan ya kama ta ne tun da aka ba ta shugabancin sashen da ke bin kwastomomi, wato mutanen da kamfani ke turawa bayan an sayar da manhaja, su je su ɗora ta a kwamfutocin mai saye, su koya wa ma'aikatansa, su zauna da su har hannunsu ya faɗa. Kullum suna kan hanya da jaka a kafaɗa. Wani mai barkwanci ya ce ai wannan ayari ne, ita kuwa madugu. Ta hana har ta gaji, daga baya ta fara amsawa.

'Yar mai gyaran rediyo ce. A shagon babanta ta tashi, tana riƙe masa tocila tana tsince ƙananan kusoshin da suka faɗi ƙarƙashin benci. Kamfanin ya ɗauke ta tun yana ɗaki biyu a saman wani kantin taya, ta yi shekaru tana yawon ɗora manhaja, kuma duk inda ta je sai a ce ita za a sake turowa. Da shugaban sashen ya bar aiki, aka ce to ai ga ta. Babu wanda ya zaunar da ita ya ce ga yadda ake riƙe mutane. An dai ba ta tebur kusa da taga da kujera mai juyawa.

A farko ta kusa kashe kanta da aiki. In wani ya makale, sai ta janye kwamfutar daga gabansa ta gyara da kanta. In kwastoma ya kira da faɗa, ita ce a mota. Wanda ya taka mata burki shi ne Dattijo, mafi tsufa a sashen, wanda shi ya koya mata aikin tun tana sabuwa, kuma kowa ya san ya so kujerar nan bai samu ba. Wata rana ya jawo kujerarsa kusa da ita ya ce, "Ƙanwata, in ke za ki yi komai, ki sallame mu mu je gida mu huta mana. Yaran nan kin mayar da su 'yan kallo."

Maganar ta yi mata ciwo, ta yini ba ta kula shi ba. Amma daga ranar ta koyi naɗe hannu tana kallon mutum yana lalube har ya gano da kansa.

Abin da ya fi wannan wuya shi ne inda sashen nata yake zaune. A bene na sama akwai masu talla, su ne ke yin alkawari. A can ƙarshen baranda akwai injiniyoyi, su ne ke ƙera manhajar, ƙofarsu kullum a rufe. Mutanenta ne kaɗai ke tsayawa gaban kwastoma ido da ido. Na sama su faɗi abin da suka ga dama, na ƙarshen baranda su ce ba su san zancen ba, zagin kuwa a kan mutanenta yake sauka.

Haka ta faru da wani kamfanin rarraba magunguna. Wanda ya kawo cinikin shi ne babba a cikin masu tallan bene na sama, wanda ake kira Mai Kwat domin ko ana tsananin zafi ba ya cire ta. Kamfanin maganin yana da rumbuna a birni da kuma wasu a ƙananan garuruwa inda intanet ke zuwa yana ɗaukewa. Madugu ta tura Dogo, saurayi mai haƙuri da ta fi amincewa da shi. Ya yi makonni a can, kullum ta tambaya sai ya ce ana kai.

Wata rana da la'asar ya kira ta, muryarsa a dushe.

"Anti, yau a gaban kowa aka ce mini maƙaryaci."

"Wa ya ce? Me ya faru?"

"Ashe an gaya musu manhajar tana aiki ko babu intanet. Ni kuwa kin san ba ta yi. Na yi ta ɓoyewa, ina bin rumbunan ƙauye ina kwaso lissafin kaya ina shigarwa da hannuna in na dawo gari. Yau wani magani ya ƙare a wani rumbu, kwamfuta tana cewa akwai."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba tun farko?"

Ya ce, "Na ga ke ma kayan sun yi miki yawa."

Wannan amsar ta fi zagin da aka yi masa taɓa ta. Ta tashi ta ƙwanƙwasa ƙofar injiniyoyi, suka ce abin yana cikin shiri amma ba bana ba. Ta hau sama wurin Manaja, ta tarar da Mai Kwat a zaune. Manaja ya saurare ta yana juya biro, ya ce, "Ki ce musu yana nan tafe. Yaron ya ci gaba da yadda yake yi kafin nan."

"Ranka ya daɗe, magani ne fa, ba sabulu ba."

"Kwangila ce babba, Madugu. Kada ki ɓata mana ita."

A gida ta kasa cin abinci. Maigidanta, malamin makaranta ne mai son zolaya, ya dube ta ya ce, "Yau kuma wace kwamfutar ce ta yi miki rashin kunya?" Da ya ga ba ta yi dariya ba, ya ajiye cokali ya saurara har ta gama. Bai ce ta yi kaza ba. Ya dai ce in an kore ta, albashin malami zai riƙe su, sai dai a manta da nama na ɗan lokaci. Sai a nan ta murmusa.

Da safe ta shaida wa Manaja a waya cewa za ta je kamfanin maganin da kanta, kuma ba za ta faɗi abin da ba haka ba. Ya kashe wayar. Ta kama hanya.

Mai kamfanin maganin dattijuwa ce mai tabarau, wadda ta fara da ɗan kanti guda. Ta bar Madugu a tsaye na ɗan lokaci kafin ta nuna mata kujera. Dogo yana raɓe a bakin ƙofa.

"Mama, abin da aka gaya muku manhajar nan tana yi, ba ta yi. Bana ma ba za ta yi ba. Yaron nan bai yi muku ƙarya ba, rufa mana asiri yake ta yi."

"To wa ya yi ƙaryar?"

"Kamfaninmu ne, kuma ni ce a gabanki."

Dattijuwar ta cire tabarau ta goge. Ta yi faɗa sosai, faɗan da ya dace, Madugu ba ta katse ta ba. Da ta huce ta ce, "'Yata, da kin zo da wani zaƙin bakin, da yau na kore ku gaba ɗaya." Aka tsaya a kan rumbunan birni su ci gaba da manhajar, na ƙauye a cire su daga kwangilar.

Rabin ciniki ya tafi ke nan, kuma ba a yafe mata ba. Manaja ya yi wata guda yana amsa gaisuwarta da ka. Ƙarin girman da aka yi mata maganarsa ya bi ruwa. Dogo ma bai zauna ba. Bayan 'yan watanni ya zo yana sunkuyar da kai ya ce ya samu wani wurin da ba a yawo. Ta so ta roƙe shi, amma ta dubi yadda ya rame, sai ta ɗauki waya ta kira sabon wurin ta yabe shi da kanta. Da ya fita ta shiga banɗaki ta wanke fuska.

Wanda ya ba ta mamaki shi ne Mai Kwat. Ya same ta a wurin shan shayi na ƙasan bene, ya zauna ba a gayyace shi ba.

"Kina ganin mugu ne ni, ko? Ni ma duk ƙarshen wata ana tsare ni a ɗakin can a tambaye ni me na kawo. Da masu maganin suka tambaye ni ko tana aiki babu intanet, na ɗauka ƙaramin abu ne da za a gyara kafin ku isa."

"To ka riƙa tafiya da ɗaya daga cikinmu mana. In an yi tambaya, mu amsa."

Ya ce zai yi tunani. Ya daɗe yana tunanin, Manaja ma ya ja ƙafa, amma a ƙarshe aka yarda. Dattijo ta zaɓa. Yanzu duk taron ciniki yana zaune a gefe da kofin shayinsa, in Mai Kwat ya fara tashi sama sai ya yi gyaran murya, shi kuwa ya sauko ya ce, "To, wannan ɗin sai mun duba." Suna dawowa suna gardama a mota kamar mata da miji.

Madugu tana nan a sashen har yau. Matsalolin ba su ƙare ba: har yanzu ana ƙorafin mutanenta suna daɗewa wurin kwastoma, har yanzu ƙwararru suna tafiya ta sake koya wa sababbi. Abin da ta ƙara shi ne duk wanda ta tura wani gari, takan kira shi da rana tsaka ta tambaye shi ko ya ci abinci, sannan ta ce ya gaya mata abin da ba ya tafiya daidai. In ya ce komai lafiya, sai ta ce, "To, sake faɗa mini a hankali, ina da lokaci."